Barcin Gaiwa da Ƙwaƙwalwar Aro: Tarihin Manyan Fayiloli Biyu da Ke Ɓoye a Kwamfuta

A cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Windows a birnin Sakkwato, daga ta teburin akawu a sakatariyar jiha har zuwa ta ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai manyan fayiloli biyu da mai kwamfutar bai ƙirƙira ba, galibi ma bai san da zamansu ba. Ɗaya sunansa pagefile.sys, ɗayan hiberfil.sys. Suna zaune a ɓoye a bakin rumbun C, kuma idan aka haɗa girmansu sukan kai gigabait masu yawa. Ba a cin karo da su sai ranar da rumbu ya cika, shuɗin layin nan ya koma ja, mutum ya shiga farautar abin da zai goge. Sai ya gan su, ya danna gogewa, kwamfutar ta ƙi. Wasu kan ɗauka cutar kwamfuta ce ta shigo. Wasu kan kai wa mai gyara, shi kuma sau da yawa ya kashe su duka cikin minti biyu, a sami fili, a rabu ana godiya.

Fayilolin nan ba shara ba ne. Kowannensu amsa ce ga wata matsala ta daban, kuma tsakanin bayyanar dabarar farko da ta biyu akwai shekara 30. Ta farko ƙarancin wuri ne ya haife ta, ta biyu kuwa mantuwa. Sanin bambancin yana da amfani a ko'ina, amma ya fi amfani a garin da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, inda kwamfutoci da dama na hannu ne, masu ƙaramar ƙwaƙwalwa da batirin da ya gaji.

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM a kasuwa: tana da sauri ƙwarai, amma ƙarama ce, kuma da tsada. Akwai kuma rumbu, inda takardu da hotuna da manhajoji ke kwana: yana da faɗi da araha, amma yana da nawa. Duk abin da kwamfuta za ta sarrafa sai ya shigo ƙwaƙwalwar aiki tukuna. Tarihin fayilolin biyu gaba ɗaya ya ta'allaƙa ne a kan wannan tazara.

Ɗakin da ya yi kaɗan

A ƙarshen shekarun 1950, ana yin ƙwaƙwalwar aiki ne da ƙananan zobba masu riƙe maganaɗisu, waɗanda ake zura wa siraran wayoyi da hannu kamar aikin saƙa, kowane zobe yana riƙe da sifili ko ɗaya. Gefenta akwai wata gangar ƙarfe mai juyawa, wadda ke ɗaukar bayanai da yawa amma a hankali. Idan manhajar da masani ya rubuta ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar, abin da ke faruwa kullum, dole shi da kansa ya yanka ta gunduwa-gunduwa, ya tsara lokacin da za a ɗauko wannan gunduwa daga ganga da lokacin da za a mayar da waccan. Masanin da ya zo warware matsalar lissafi sai ya ƙare a aikin dako. Da zarar kuma an koma wata na'ura mai girman ƙwaƙwalwa daban, sai a sake lale.

A 1956 wani Bajamushe, Fritz-Rudolf Güntsch, ya zayyana a kundin digirinsa na uku a Balin wata na'ura da za ta riƙa yin irin wannan dakon da kanta. Ba a gina ta ba. Waɗanda suka aiwatar da dabarar a na'ura mai aiki su ne Tom Kilburn da abokan aikinsa a Jami'ar Mancesta ta Ingila, tare da kamfanin Ferranti. Na'urarsu, Atlas, an ƙaddamar da ita ranar 7 ga Disamba, 1962, kuma tana cikin mafiya ƙarfi a duniya a lokacin. Ƙwaƙwalwar aikinta tana ɗaukar kalma 16,384, kowace kalma mai sifili-ko-ɗaya guda 48. A ma'aunin yau kilobait 96 ke nan, wanda bai kai girman hoto guda da ake ɗauka da waya ba. Gangunanta kuwa suna ɗaukar ninki shida na wannan.

Abin da su Kilburn suka yi shi ne raba komai zuwa yankuna masu girma ɗaya, kowanne kalma 512, waɗanda suka kira shafuka. Ƙwaƙwalwar aiki tana da gurbin shafi 32 kacal. Amma an bar mai rubuta manhaja ya yi aikinsa kamar yana da fili na kalma fiye da miliyan guda. Adireshin da manhaja ke ambata ba shi ne ainihin wurin da bayanin yake ba. Na'urar tana riƙe da lissafin wane shafi ne ke cikin wane gurbi. Idan manhaja ta nemi shafin da yake ciki, sai a miƙa mata nan take. Idan ba ya ciki, sai a dakatar da ita, a ɗauko shafin daga ganga, a gyara lissafi, sannan a sake ta ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba tare da ta san an yi wani abu ba. Su Kilburn sun kira tsarin ma'ajiya mai hawa ɗaya. A Hausance, ƙwaƙwalwar aro ta fi dacewa da shi, domin aron fili ake yi daga rumbu a nuna wa manhaja kamar nata ne.

Malaman Sakkwato na ƙarni na 19 ba za su sha wahalar gane wannan tsari ba. Duk wanda ya ga rubuce-rubucen hannu na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, irin waɗanda ake adanawa a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, zai lura cewa ba a ɗinke su ba. Falle-falle suke, a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka. Takarda abu ce mai tsada, ana kawo ta daga arewacin Italiya ta hanyar Tarabulus da Sahara, da yawanta ɗauke da alamar jinjirin wata uku. Littafi guda sai ya wadatar da mutum fiye da ɗaya: ɗalibi ya zari fallayen babin da yake karantawa, wani ya zari na gaba, mai kwafa ya karɓi nasa, sauran littafin yana cikin gafaka. Domin kada tsari ya rikice, marubuci yakan sa kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi. Babu wata alaƙar tarihi tsakanin zauren malam da ɗakin binciken Mancesta. Sai dai hujjar da ta sa tsarin biyu suke aiki ɗaya ce: mai karatu, mutum ne ko na'ura, ba ya buƙatar littafi duka a lokaci guda, 'yan shafukan da ke gabansa kawai yake buƙata.

Wa za a fitar?

Ɗauko shafi ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce idan gurabe sun cika, wane shafi za a mayar rumbu domin a sami wuri. Atlas tana da wata 'yar manhaja da ke lura da yadda ake amfani da kowane shafi, ta yi hasashen wanda ba za a nema ba nan kusa. A 1966 László Bélády, ɗan ƙasar Hangari da ke aiki da IBM a Amurka, ya nuna cewa zaɓi mafi kyau shi ne a fitar da shafin da za a fi daɗewa ba a sake nemansa ba. To amma wannan yana buƙatar sanin gaibu, sanin gaibu kuwa sai Allah. Saboda haka aka koma ga kirdado: shafin da aka daɗe ba a taɓa ba, mai yiwuwa ba za a taɓa shi nan kusa ba. A 1969 Bélády da abokan aikinsa suka gano wani abin mamaki. Idan aka bi ƙa'idar da ta fi kama da adalci, wato wanda ya riga shiga shi zai riga fita, akwai yanayin da ƙara gurabe ke ƙara yawan zirga-zirga zuwa rumbu maimakon ya rage ta.

Wanda ya bayyana cutar da ta fi damun masu kwamfuta har yau shi ne Peter Denning, a 1968, yana ɗalibin digiri na uku a MIT. Ya nuna cewa kowace manhaja, a kowane lokaci, tana da wani rukunin shafuka da take komawa gare su a kai a kai. Muddin wannan rukuni ya sami wuri a ƙwaƙwalwar aiki, komai zai tafi daidai, ko da sauran manhajar na rumbu. Amma idan aka tara manhajoji har jimillar rukunansu ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar, ba raguwa sauri ke yi a hankali ba, durƙushewa yake yi gaba ɗaya. Shafin da aka fitar yanzu shi za a nema bayan ƙiftawar ido, wanda aka fitar domin a dawo da shi kuma shi ne na gaba. Na'ura ta koma kai da kawo, aiki ya tsaya.

Lissafi ne ke nuna dalilin durƙushewar. Ɗauko bayani daga RAM yana cin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan 10 na daƙiƙa. Ɗauko shi daga tsohon rumbu mai faifai mai juyawa yana cin kimanin kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. Ninki 100,000 ke nan. Da a ce na farko daƙiƙa guda yake ci, da na biyu zai ci kusan awa 28. Sabon rumbu na SSD, wanda ba shi da faifai, ya rage tazarar ƙwarai, amma a wannan ma'auni har yanzu maganar mintuna ake yi. Wannan shi ne abin da ke faruwa ga kwamfutar hannu mai RAM gigabait 4 da tsohon rumbu, idan aka buɗe mata Chrome da shafukan intanet rututu, ga Word, ga Excel, ga manhajar kariya tana nata binciken. Fitilar rumbu ta kama ƙyaftawa ba tsayawa, da'irar nan ta yi ta juyawa, Task Manager ya nuna rumbu yana aiki kashi 100. Mai ita ya rantse cuta ce ta kama ta. Ba cuta ba ce, abin da Denning ya siffanta ne tun 1968.

Daga nan kurakurai biyu ke tasowa. Na farko shi ne ƙara girman pagefile.sys da fatan sauri zai dawo. Ba zai dawo ba, zanen aro ba ya rufe katara. Maganin shi ne a rage abin da aka buɗe, ko a ƙara RAM, ko a sauya tsohon rumbu da SSD, wanda a kwamfutocin hannu da dama shi ne gyaran da ya fi biyan kuɗinsa. Kuskure na biyu ya fi muni, wato kashe fayil ɗin baki ɗaya bisa tunanin shi ne ke jawo nawar. Windows tana lissafin iyakar alkawarin da za ta iya yi wa manhajoji ne ta hanyar haɗa RAM da pagefile.sys. Idan aka cire na biyun, iyakar ta ragu, kuma ranar da aka kai ta, manhajoji sai su fara rufe kansu da aikin da ba a adana ba. Bugu da ƙari, idan kwamfuta ta faɗi da shuɗin allon nan, a cikin wannan fayil ne take rubuta bayanin abin da ya kashe ta. Mai gyaran da ya cire shi ya toshe wa kansa hanyar gano ciwo. Tsohuwar ƙa'idar da wasu ke bi har yanzu, ta sa shi ya zama ninki ɗaya da rabi na RAM, ragowar zamanin Windows XP ce. A yau barin Windows ta daidaita girmansa da kanta ya fi.

Ba nan da nan masana suka yarda da ƙwaƙwalwar aro ba. Da yawa suna ganin ƙwararren mai rubuta manhaja zai fi na'ura iya tsara dakon. A 1969 binciken David Sayre da ƙungiyarsa a IBM ya nuna akasin haka, kuma a watan Agustan 1972, shekarar da aka kafa NEPA a Nijeriya, IBM ta sanar da shigar da tsarin cikin manyan na'urorinta na System/370. Sauran labarin na saukowa ne daga manya zuwa ƙanana. A 1985 Intel ta fitar da 80386 mai iya raba ƙwaƙwalwa shafi-shafi, kowanne kilobait 4, girman da har yau shi ne na yau da kullum a irin waɗannan kwamfutoci. Windows 3.0 ta 1990 ta yi amfani da wannan dama, Windows NT ta 1993 kuma ta zo da sunan pagefile.sys. Akwai wani ƙaramin ɗan'uwansa, swapfile.sys, da ya bayyana da Windows 8 domin manhajojin shagon Microsoft; bai cika wuce megabait 256 ba, bai kuma cancanci a damu da shi ba.

Dabarar ta iso aljihu ma. Lambobin nan da ake gani a kwalin waya, kamar 8GB+8GB, na biyun ba RAM ba ne. Abin da Tecno ke kira Memory Fusion, Samsung kuma RAM Plus, dangin dabarar Atlas ne da sabon suna. Yana taimaka wa waya ta riƙe manhajoji da yawa a baya ba tare da ta rufe su ba, amma wanda ya biya kuɗi yana zaton ya sayi gigabait 16 na gaske, ya yi ciniki a duhu.

Mantuwa

Akwai wata siffa ta tsofaffin zobban maganaɗisu da ba a cika tunawa da ita ba: ba sa mantuwa. Ko an ɗauke wuta, kowane zobe yana nan riƙe da sifilinsa ko ɗayansa. Mantuwa ta shigo ne da ci gaba. A 1966 Robert Dennard na IBM ya ƙirƙiro hanyar ajiye sifili ko ɗaya a matsayin ɗan cajin lantarki a cikin ƙwayar siliki, aka ba shi haƙƙin mallakar ƙirƙirar a 1968, kuma a 1970 Intel ta fitar da 1103 kasuwa. Sabuwar ƙwaƙwalwar ta fi araha da ƙanƙanta, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ta kori zobba. Sai dai randa ce mai yoyo. Cajin yana tsiyayewa, dole a riƙa sabunta shi sau da yawa a kowace daƙiƙa. Wuta na yankewa, abin da ke ciki ya tafi.

A ƙasashen da wuta ke tsaye, wannan bai zama babbar damuwa ba sai da kwamfutar tafi-da-gidanka ta zo da batirinta mai ƙarewa. A 1992 kamfanin Compaq ya fitar da jerin LTE Lite da wata dabara mai sauƙin faɗi: kafin wuta ta ƙare, a kwashe duk abin da ke cikin RAM a rubuta shi a rumbu, a kashe na'ura gaba ɗaya, idan an kunna a mayar da shi yadda yake. Turawa sun raɗa wa dabarar suna daga dogon barcin da wasu dabbobinsu ke yi lokacin hunturu. A ƙasar Hausa rani ne lokacin wuya, kuma gwanar wannan barci ita ce gaiwa. Idan fadama ta ƙafe, irin fadamun Rima, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta yi lamo wata da watanni har ruwan damina ya jiƙa ƙasa. Kamancen bai cika ɗari bisa ɗari ba, domin gaiwa tana ɗan numfashi a cikin ramin. Kwamfutar da ta yi wannan barci kuwa a mace take sarai, ba ta jan wuta ko ɗigo. Abin da ya rage kawai wasiyya ce da ta bari a rumbu, wasiyyar ita ce hiberfil.sys.

A watan Disamban 1996 Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI, wadda ta jera matakan barcin kwamfuta. Biyu ne suka shafi mai amfani. A mataki na S3, wanda shi ne Sleep a na'urorin da suka ɗan kwana biyu, ana kashe kusan komai a bar RAM tana shan 'yar wuta. Farkawa nan take ne, amma idan batir ya ƙare ƙaf kafin a ceci abin da ke ciki, ya tafi. A mataki na S4, wato Hibernate, barcin gaiwa ne; farkawa na ɗan ɗaukar lokaci, amma ko wata guda aka yi ba wuta aikin yana nan. Windows 2000 ce ta fara ɗaukar wannan nauyi da kanta ba tare da dogaro da manhajar kowane kamfani ba. A farko girman fayil ɗin daidai yake da girman RAM. Windows 7 ta matse shi zuwa kashi 75 cikin 100, Windows 10 kuma zuwa kashi 40. Na'ura mai gigabait 8 tana ba da kimanin 3.2 ke nan, mai 16 kuma 6.4.

Windows Vista ta ƙara wani tsari na haɗin gambiza: a rubuta wasiyyar a rumbu, amma a bar RAM a kunne. Idan wuta ta tsaya, a farka nan take. Idan ta yanke, a farka daga rumbu. An kunna shi tun daga kamfani a kwamfutocin tebur, an bar shi a kashe a na tafi-da-gidanka, bisa zaton batir na kare su. Windows 8 ta 2012 kuma ta yi wani abu da har yau yake ruɗa mutane. Domin kunnawa ta yi sauri, idan aka danna Shut down, Windows tana rufe manhajojin mai amfani, amma zuciyar babbar manhajar ba a kashe ta, kwantar da ita ake yi a cikin hiberfil.sys. Wato shawarar nan da aka gada ta a kashe a kunna, idan firinta ta ƙi aiki ko intanet ya maƙale, tana iya dawo da matsalar yadda take. Restart ne ke tayar da komai daga tushe. Shi ya sa wanda ke kashe kwamfutarsa kowace yamma zai iya duba Task Manager ya tarar tana cewa ta yi kwana goma a kunne.

Wuta da zafi

An sauya wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamban 2013, Sakkwato ta faɗa yankin Kaduna Electric tare da Kebbi da Zamfara da Kaduna. A bakin jama'a dai har yau NEPA ce ke kawowa tana ɗaukewa. Babban layin da ke ciyar da birnin yana biyowa ne daga Kainji ta Birnin Kebbi, kuma lokacin da gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi a Satumban 2023, Sakkwato ta shiga duhu tare da maƙwabtanta. A shekarar ne kuma, tun daga 29 ga Mayu, cire tallafin man fetur ya sa kunna janareta domin kwamfuta guda ya zama abin da ake yi wa lissafi. Sai kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yakan wuce digiri 40, zafi kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke tsufar da batirin lithiyam. Batirin da ya riga ya yi shekaru a wata ƙasa kafin ya iso, bazara biyu sun isa su rage masa ƙarfi sosai.

Ya kamata a faɗi iyakar abin da hiberfil.sys zai iya yi. Rubuta wasiyya na buƙatar 'yan daƙiƙoƙi. Kwamfutar tebur da ake cikin aiki da ita, ba UPS ba inbata, idan aka ɗauke wuta babu fayil ɗin da zai cece ta. Amma inda akwai batir, ko da mai riƙe minti goma ne, labari ya sha bamban. Windows tana zuwa ne da tsarin cewa idan batir ya kai gargara, ta kwantar da kanta a rumbu. Malamin jami'a da ya bar takardun sakamakon jarrabawa a buɗe ya tafi sallar Azahar, aka ɗauke wuta a bayansa, zai dawo ya tarar da na'ura a mace, amma da wuta ta dawo komai zai buɗe a inda ya bari. Idan mai gyara ya riga ya cire fayil ɗin domin gigabait 3, wannan kariya ta tafi tare da shi. Haka nan wanda ke rufe murfi ya jefa kwamfuta a jaka ya hau babur da tsakar rana: Sleep ya sa ta, tana ci gaba da shan batir, wani lokaci ma ta farka a cikin jakar ta yi zafi kamar dutsen guga. Hibernate ne ya dace da wannan tafiya, ko da yake a Windows 10 da 11 sai an shiga saitin wuta an fito da shi kafin ya bayyana a jerin zaɓi.

Shawarar da ta cika intanet, ta a buɗe wurin ba da umarni a rubuta powercfg /hibernate off, an rubuta ta ne galibi domin mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa. Umarnin yana aiki, fayil ɗin zai ɓace nan take, amma tare da shi barcin gaiwa da haɗin gambizar Vista da saurin kunnawa duk za su tafi. A Sakkwato wanda ya dace ya yi haka shi ne mai kwamfutar tebur da ke kan sola ko inbata mai ƙarfi, wanda kuma rumbunsa ya yi masa kaɗan. Akwai tsaka-tsaki, powercfg /h /type reduced, wanda ke rage fayil ɗin zuwa kashi 20 ya bar saurin kunnawa kaɗai, sai dai shi ma yana cire ainihin kariyar. Mai tafi-da-gidanka da batir mai rauni gara ya nemi filinsa a wani wuri, cikin bidiyoyin da aka tura masa da babban fayil na Downloads. Wanda aka riga aka kashe masa kuwa, powercfg /hibernate on zai dawo da shi.

Abin da wasiyya ke ɗauke da shi

Saura fuska guda da ta fi shafar lauya da likita da ma'aikacin banki da jami'in gwamnati. Duk abin da ke cikin RAM lokacin da aka kwanta yana cikin hiberfil.sys: wasiƙar da ba a adana ba, saƙonnin da ke buɗe, wani lokaci har kalmomin sirri da mabuɗan ɓoye bayanai. Shi ma pagefile.sys yana tara gutsattsarin shafukan da aka taɓa fitarwa, kuma ba ya share kansa idan an kashe na'ura sai an umarce shi. Microsoft ba ta wallafa yadda aka tsara cikin hiberfil.sys ba, amma a 2007 wani matashi Bafaranshe, Matthieu Suiche, ya gabatar da aikinsa mai suna Sandman a wani taron masana tsaron kwamfuta a Tokyo, inda ya nuna yadda ake warware fayil ɗin a karanta. Tun daga lokacin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da masu binciken laifuka ke fara dubawa. Abin da mai bincike zai iya karantawa, wanda ya sayi kwamfutar a kasuwa ma zai iya, idan yana da ilimin. Kalmar sirrin shiga Windows ba ta hana komai a nan, domin ana iya zare rumbun a jona shi a wata na'ura.

Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma alhakin ba ya sauka don an yi gwanjon tsofaffin kwamfutoci ko an kai ɗaya wurin gyara. Kariyar da ke aiki ita ce ɓoye rumbun gaba ɗaya da BitLocker, wanda ya zo tun zamanin Vista, domin yana rufe fayilolin biyu tare da sauran abin da ke ciki. Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun da Microsoft ta tsayar da ranar 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, alhali tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma hanyarsu ta gaba ita ce kasuwar kayan hannu. A tsohon rumbu mai faifai, gogewa ta yau da kullum ko fomatin na gaggawa sunan fayil kawai suke cirewa daga lissafi, bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Ofishin da zai rabu da irin wannan na'ura yana da zaɓi biyu: ya sa a bi rumbun da rubutu daga farko har ƙarshe, aikin da kan ci awanni, ko ya kwance shi ya riƙe, ya sayar da kwamfutar ba rumbu.